Fariya da Turanci

Ƙannena, in kuna wurin da gardama ta kaure tsakanin ɗan boko da wanda bai yi boko ba, ku sa ido ku ga lokacin da ɗan bokon yake sauya harshe. Da Hausa ake farawa. Ciniki ne, ko maganar iyakar gona, ko rigimar layi a banki, kowa yana kawo hujjarsa, kowa yana jin ɗan'uwansa. Sai can, da ɗan boko ya ga ana neman kayar da shi, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya, ya ɓarke da Turanci. Abokin gardamar ya yi sak, 'yan kallo su yi tsit, wani ma ya ce kai, yaron nan ya iya. An tashi ke nan. Ba a gano mai gaskiya ba, an dai toshe wa mutum baki da yaren da ba ya ji. A kan wannan ɗabi'a nake so mu yi magana, domin na ga tana yaɗuwa a cikinku, kuma tana damuna ƙwarai.

Kada wani ya ɗauka hana ku koyon Turanci nake yi. Ku koye shi, ku ƙware. A Nijeriya ba ka shiga jami'a sai da kiredit ɗin Turanci a WAEC ko NECO, a jarrabawar JAMB kuma ko wane fanni za ka karanta, Turanci dole ne. Da shi ake rubuta dokokin ƙasa, da shi ake neman aiki, da shi aka rubuta mafi yawan littattafan likitanci da injiniyanci da za su zo hannunku. Yaron Arewa da ya yi sakaci da shi ya cuci kansa, ya cuci yankinsa. Aron kalma ma ba laifi ba ne. Mun ari littafi da alƙalami daga Larabci, mun ari mota da tebur da likita daga Turanci, duk sun zama namu. Bakanike in ya ce birki da kulochi da sitiyari, sunan abin ke nan a bakinsa. Ɗalibai biyu masu cakuɗa Ingausa a ɗakin kwana, kowa yana jin kowa, ba wanda aka zalunta. Abin da nake nufi shi ne ka san mutum ba ya jin Turanci, ko yana ji sama-sama, ka yi masa shi da gangan don ya raina kansa. Tocila ce aka ba ka don ka haska hanya, kai kuwa ka dalle abokin tafiya da ita a ido.

Kalmomin da ake wannan aiki da su ba su da yawa, kuma mafi yawan masu jifa da su ba su taɓa buɗe ƙamus sun duba abin da suke nufi ba. Ku ɗauki wadda ta fi yawo a bakin samari, wato "illiterate". Ma'anarta mutumin da bai iya karatu da rubutu ba, iyakarta ke nan. Babu Turanci a cikin ma'anar, babu makarantar boko, babu ƙarancin hankali. To, wa ake jifa da ita a garuruwanmu? Ana jifan alaramman da ya zauna ya rubuta Alƙur'ani izu sittin da ka, da alƙalamin kara da tawadar da ya haɗa da hannunsa. Ana jifan malamin zaure da ya sauke Ahalari da Ishmawi da Risala, wanda yake warware lissafin rabon gado yana zaune a kan buzu. Ana jifan ɗan kasuwar Kantin Kwari mai rubuta bashin abokan cinikinsa da ajami, shekara da shekaru kwabo bai ɓace masa ba. Waɗannan bayin Allah sun iya karatu, sun iya rubutu. Wanda ya kira su da waccan kalma ya yi musu ƙarya, kuma ya tafka kuskure a Turancin da yake taƙama da shi.

Rubutu ba tare da Turawa ya zo ƙasar nan ba. Sojojin Lugga sun ci Kano da Sakkwato a 1903, amma tun ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, Shehu Magili ya sauka Kano ya rubuta wa sarkin littafi kan yadda ake riƙon mulki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar littattafai ɗaruruwa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta danƙa su a hannun jajoji, wato matan da ta koyar, su kai wa matan ƙauyuka. Ku dubi wannan baiwar Allah da kyau, musamman ku 'yan mata. Ta iya Larabcin da manyan malamai suke girmamawa, amma sai ta sauko da ilimin zuwa harshen da mata suke daka da shi, suke raino da shi. Har yau ajami yana nan a jikin takardun naira 200 da 500 da 1000. Ku gwada karanta shi, in kun kasa ku nemi dattijon unguwarku ya koya muku.

Shi ma wanda gaskiya ne bai san baƙi ko ɗaya ba, da me ya cancanci wulaƙanci? Lokacin da kuke aji, shi yana bayan shanu, ko yana gona yana noman dawar da aka tuƙa muku tuwo da ita. Rashin karatu rashi ne, ya kamata a yaƙe shi, kamar yadda gwamnatin Jihar Arewa ta yi da shirin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Amma da allo da alli ake wannan yaƙi, kuma mutumin da ka kunyata a bainar jama'a ba zai zo ajinka na yamma ba.

Kalma ta biyu ita ce "vernacular", wadda da yawanmu muka fara jin ta da bulala a bayanta. Duk wanda ya yi makarantar kwana, ko irin makarantun kuɗin nan, ya san takardar monita. Wanda aka kama yana Hausa a rubuta sunansa, da safe a kira shi a gaban taro, ko tara, ko bulala, ko yankan ciyawa. Na san wata yarinya da aka kawo aji ɗaya na sakandare daga ƙauye, Allah Ya ba ta kan lissafi. Malami zai rubuta tambaya a allo, kafin ya juyo ta gama a gefen littafinta, ta sa tafin hannu ta rufe. Ya ce wa zai gwada, ta sunkuyar da kai. Amsa tana da ita, yadda za ta jera bayanin da Turanci ne ba ta sani ba. In ta yi da Hausa sunanta ya shiga takarda. In ta yi Turancin ta karya, 'yan birnin da ke bayanta su kwashe da dariya, har a ɗakin kwana a yi ta kwaikwayonta. Sai ta zaɓi shiru, kuma kafin zangon ya ƙare an sa ta a layin daƙiƙai. Malaman da suka kafa dokar ba mugunta suka nufa ba, so suke bakin yara ya saba. Amma abin da yaro ya kwasa daga dokar shi ne harshen uwarsa laifi ne, wanda ya fi shi Turanci kuma ya fi shi daraja. Wanda ya sha wannan bulala yana ƙarami, in ya girma ya iya Turancin, sau da yawa a kan mai gadi da mai tallan ruwa yake hucewa.

Kalmar "vernacular" daga Latin ta fito, tushenta sunan bawan da aka haifa a gidan ubangijinsa, wanda Bahaushe yake kira bacucane, daga nan ta koma nufin harshen gida, na talakawa. Abin da ba a gaya mana a makaranta ba shi ne Ingilishi kansa ya daɗe yana amsa wannan suna. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan har kusan shekara 300, Faransanci ne harshen fada da kotu da manyan gidaje, Latin na coci da malamai, Ingilishi kuwa an bar wa manoma da barori. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi, saboda mutane ba sa gane abin da ake faɗa a kansu a kotu, kuma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Ko a 1687, da Aizik Niyuton ya fitar da babban littafinsa na kimiyya, da Latin ya rubuta shi. Harshen da kuke gani kamar daga sama ya sauko, an raina shi a garinsu, an yi wa masu shi fariya da yaren wasu. Abin da ya ɗaga shi, masu shi ne suka dage da rubutu a cikinsa, suna juyo ilimin wasu zuwa gare shi, daga baya jiragen ruwa da mulkin mallaka da arzikin Amurka suka baza shi duniya.

A nan gida ma an gwada an gani. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yaran firamare duk darussa da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma darasi ne guda a hannun ƙwararren malami. Da aka auna su da takwarorinsu da aka juya wa karatu zuwa Turanci a tsakiyar firamare, ba su gaza ba, a darussa da dama ma sun fi, kuma Turancinsu bai yi rauni ba.

"Local" kuwa ba ta da wata ma'ana sai na wurin, na gari, ita ce ma a sunan ƙaramar hukuma. Wanda ya ce miki ke 'yar lokal ce, cewa ya yi ke 'yar garinku ce, ban ga abin kunya a ciki ba. Wadda ta fi ba ni takaici ita ce "my friend". Abokina ke nan. Amma ku saurari yadda ake furta ta a ƙofar ofis, da yatsa a miƙe, ga dattijon da ya yi jika da mai maganar. Babu abota a cikinta ko ƙwaya, kora ce. Mu kuwa bai kamata a koya mana zafin wannan ba. Duk Bahaushen da ya zauna Legas ko Fatakwal ya san yadda wasu suka ɗauki kalmarmu mai kyau, aboki, suka mai da ita sunan raini ga mai gyaran takalmi da mai gadi da ɗan acaɓa. In ranku yana ɓaci idan aka yi wa ɗan'uwanku haka a Kudu, ku tuna da wannan ɓacin rai ranar da ya dawo gida ya tsaya a gaban teburinku.

Ina so ku san mutanen da suka iya Turanci na gaske a ƙasar nan, ku ga abin da suka yi da shi. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ta yi suna wajen gyara wa ɗalibanta lafazi. Daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito. A watan Oktoba na 1960, da aka karɓi Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ya tsaya a Niyok ya yi jawabi, kuma saboda daɗin muryarsa da tsabtar Turancinsa har laƙabi aka yi masa da mai muryar zinariya. Mutumin nan da ya tashi rubuta littafi, Shaihu Umar ya rubuta, da Hausa, a gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Abubakar Imam, shi ma ɗan kwalejin, ya karanta labaran ƙasashe da dama, ya narkar da su ya ba mu Magana Jari Ce. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, shi ya zama editanta na Hausa, yana bayyana wa mai karatu a Daura da Azare abin da Yaƙin Duniya na Biyu yake ciki da Hausar da kowa zai gane. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya zauna da Lugga kansa, ya zayyana masa damuwar Arewa.

Sa'adu Zungur ya yi karatu a babbar kwalejin Yaba a Legas lokacin da da wuya ka ga ɗan Arewa a can. Ya iya Larabci, ya iya Turancin da yake muhawara da jami'an mulkin mallaka, amma da ya so farkar da mutanensa, waƙa ya yi musu da Hausa. Malam Aminu Kano ya yi karatu a Landan, ya dawo ya zauna a kan tabarma da talakawa yana bayyana musu haƙƙinsu a gaban alƙali da mai karɓar haraji. Ku lura da inda suka nufa da Turancinsu. Sama suka nufa da shi, wajen masu iko, don su ƙwato wa na ƙasa haƙƙinsa. In sun juyo wajen na ƙasa, sai su yi masa magana da harshensa. Mai fariya ya juya abin: a gaban manya bakinsa rawa yake yi, sai ya sami mai shayi ya sauke masa.

Wani zai ce ai magana ce kawai, ba ta kisa. Ku zo mu shiga asibiti. Wata tsohuwa ta kawo jikanta da zazzaɓi, tun asuba take layi. Ta shiga wajen wani matashin ma'aikaci, ɗan garin, wanda da Hausa aka rarrashe shi yana goye. Bai ɗago kai ba. Ya yi tambayoyinsa rabi da Turanci, ya juya wajen abokiyar aikinsa ya yi wata magana suka yi dariya, ya rubuta magani, ya faɗi yadda za a sha da sauri cikin kalmomin da ya haddace a makaranta. Tsohuwa ta ce to, ta gode. Kunya ba za ta bar ta ta ce ba ta gane ba, kuma ta ga alamar in ta tambaya tsawa za ta sha. A bakin ƙofa ta tsaya tana jujjuya ƙullin magani, ta tari wani ɗan makaranta ta ce, "Ɗan nan, don Allah duba mini, wannan sau nawa aka ce?" Yaro ya duba, rubutun bai karantu ba, ya ce yana jin sau uku ne. Haka ta tafi gida da yana jin. Alhali abin da ake buƙata bai wuce a ce, "Iya, wannan da safe da dare, bayan ya ci abinci, har kwana uku, ko ya ji sauƙi kada a daina. Maimaita mini in ji." Gajiya tana cikin abin da ya hana shi, na yarda, layin yana da tsawo. Amma akwai kuma jin cewa in ya yi Hausa zalla ajinsa zai zube. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa da suke zama su yi bayani da haƙuri, Allah Ya saka musu da alheri, su nake so ku zama.

Dokar ƙasa ma ba ta yarda a yi wa mutum hukunci a duhu ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta a gaya wa wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Addini kuwa ya riga doka. A Suratur Rum an lissafa bambancin harsunan mutane cikin ayoyin Allah, a Suratu Ibrahim kuma an nuna kowane manzo da harshen mutanensa aka aiko shi don ya yi musu bayani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa. Koyon harshen wasu aiki ne da aka sa sahabi, kuma don hidima aka sa shi. Girman kai kuwa, a hadisin da Muslim ya ruwaito an fassara shi da abu biyu, ƙin gaskiya da raina mutane. Wanda ya sauya harshe don ya zille wa hujja ya haɗa duka biyun.

Akwai kuma hasarar da mai fariya yake jawo wa kansa bai sani ba. Wanda ya ɗauki Turanci kayan ado, manyan kalmomi yake farauta, masu tsawo, masu ƙara a kunne, ko ya san inda ake sa su ko bai sani ba. Tun da kullum a gaban waɗanda ba za su iya gyara masa ba yake yi, kuskurensa sai ya zauna daram. Ranar da aka ce ya rubuta takardar neman aiki shafi ɗaya, ko ya zauna gaban masu tantancewa, ranar asiri yake tonuwa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. In kana so ka san ko ka fahimci abin da ka karanta, rufe littafin ka je ka bayyana wa mahaifiyarka da Hausa. Me yake kawo hauhawar farashi, me ya sa ake allurar rigakafi, yaya hasken rana yake zama lantarki a faifan sola. In ta gane, ka sani. In ka ga dole sai ka fake a bayan kalmar Turancin, to, sunan abin ka haddace, shi kansa abin bai shiga ba tukuna. Ma'aikatan sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da takwarorinsu na gidajen rediyonmu, kullum wannan jarrabawa suke zaunawa. Su ɗauko labarin tattalin arziki ko na annoba su zuba shi a Hausar da mai sauraro a gona zai gane. Wannan ya fi jefa kalma wuya nesa ba kusa ba.

Tsakaninku ma 'yan boko abin bai tsaya ba. Wanda ya yi makarantar kuɗi yana yi wa na makarantar gwamnati dariya don ya furta "p" kamar "f". Hausa ba ta raba waɗannan sautuka biyu yadda Turanci ya raba su, shi ya sa, kuma kowace al'umma tana da inda harshenta yake tuntuɓe. Bature ma in ya zo kan ɓ da ɗ da ƙ haka yake fama, ya ce kasa maimakon ƙasa, mu kuwa mu yi ta yaba masa don ya yi ƙoƙari. Me ya sa ɗan'uwanku bai cancanci wannan uzuri ba? Na ga an ɗauki hoton rubutun wani a Facebook ana yawo da shi saboda kuskuren nahawu, maganar da ya faɗa kuwa gaskiya ce, ba wanda ya tanka ta. In za ka gyara wa mutum, ja shi gefe ka gyara masa, yadda za ka so a yi maka.

Dole in juyo ga ɗaya ɓangaren, don kada a fake da maganata. Akwai masu cewa Turanci ba ilimi ba ne. Gaskiya ne, harshe ne. Amma wasu suna faɗar haka don su huta da wahalar koyo, har su riƙa zargin duk wanda suka ji yana Turanci da iyayi, ko da a inda ya dace yake yi. Wannan shi yake sa yaro mai son koyo ya ɓoye littafinsa. Haka wanda ya dawo daga Madina ko Alƙahira yana jefa wa tsofaffin unguwa Larabcin da ba sa ji don a san ya je, cutar ɗaya ce. A Nijar da Faransanci ake yi, kuma ko da yake a 2025 hukumomin ƙasar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, gyaran hali ba aikin doka ba ne.

Inda abin ya fi ciwo shi ne cikin gida. Uba ya sayar da buhunan gero, uwa ta kwashi adashinta, aka biya kuɗin makaranta. Yaro ya dawo hutu, baba ya ce za shi asibiti, yaro ya gyara masa lafazi a gaban baƙi. Asibiti kalmar Hausa ce yanzu, baba bai yi kuskure ba. Ko ana taron dangi kan gado ko maganar aure, 'yan boko biyu su juya su yi ƙus-ƙus da Turanci a gaban kawunnansu, kowa ya san ana ɓoye masa wani abu ne. Dattijo ba zai ce komai ba, zai dai daina sa baki, daga ranar kuma an rasa shawararsa. Sannan ga sabon yayi a birane, uwa Bahaushiya, uba Bahaushe, su hana 'ya'yansu Hausa sam don a ce gidan 'yan gayu ne. Yaro yana iya tashi da harshe biyu har uku ba tare da ɗaya ya cuci ɗaya ba, yaran Jos da Yola da Maiduguri shaida ne. Amma a kai jika gaban kakarsa, ta miƙa hannu ta ce, "Zo nan, maigidana," ya tsaya yana kallon uwarsa ta fassara masa. Wasan jika da kaka ya mutu a wannan gida, tatsuniya ta mutu, kuma babu makarantar da za ta mayar masa da su.

Aikin da Turancinku zai yi yana nan jibge a unguwa. Manomi ya sayo maganin feshi, bayanin awo da gargaɗin guba duk da Turanci a jikin kwalbar. Matar da mijinta ya rasu tana riƙe da takardun fansho, ba ta san inda za ta sa hannu ba. Mai shago ya sami saƙo a waya wai daga banki, ana neman lambobin katinsa, yana shirin turawa. An miƙa wa ɗan acaɓa yarjejeniyar babur na bashi, shafi huɗu. In ɗayansu ya kawo maka takarda, tashi ka ba shi wurin zama in ya girme ka. Karanta duka a zuci tukuna, kada ka fara fassara daga layin farko. Sannan ka gaya masa abin da ke ciki da Hausa, har da wurin da ba zai so ji ba, musamman ƙananan rubutun ƙasa inda ake ɓoye kuɗin ruwa da tara. Kalmar da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ka buɗe ƙamus a wayarka a gabansa, ko ku je tare wajen wanda ya fi ka. Ka sa ya maimaita maka abin da ya fahimta kafin ya dangwala yatsa. Abin da ka gani a takardar kuma, bashi ne ko sakamakon gwajin asibiti, ya tsaya tsakaninku, ko amininka kada ya ji daga bakinka.